Bututun da Rollie Ya Ce Ya Mutu

Asabar ta biyu a watan Agusta, ranar da ake rufe layinsu a yi bikin unguwa na shekara, da misalin ƙarfe tara na safe, Rollie Stempek ya ɓamɓare katakon ƙarshe daga bangon ɗakin da ke ƙarƙashin ƙasa a gidansa, ya tarar da bututu yana hawaye.

Bututun dalma ne, toka-toka, kaurinsa bai fi na babban yatsan ƙafa ba. Ya taso daga inda ruwa ke shigowa gidan, ya bi gindin bango a karkace, ya shige bangon gefe ya ɓace. A tsakiyarsa akwai kumburi kamar ƙwan agwagwa, inda wani mai gyaran famfo da ya mutu tun kafin a haifi uban Rollie ya haɗa shi. Daga nan ruwan ke ɗiga, ɗis, ɗis, ba gaggawa.

Shekarun Rollie hamsin da takwas. Talatin daga ciki ya yi su yana sayar da katifa, amma ba da wannan yake gabatar da kansa ba. Ya taɓa yin wata tara a wani shagon kayan gini a nan birnin Milwaukee, ɓangaren fenti, kuma tun daga lokacin babu abin da ɗan Adam ya gina wanda Rollie bai hango kuskurensa ba. Yanzu da ya bar aiki, ya ƙudurta zai mayar da ɗakin ƙasa wurin kallon ƙwallo. Har ya sauko da wata ƙatuwar kujera mai kwantawa, da talabijin da ke cikin kwalinta. Matsalar ita ce matarsa Darlene ma tana son ɗakin. Shekara ashirin da shida keken ɗinkinta na kan teburin cin abinci, ana ɗauke shi da safe, ana mayarwa da rana, ana sake ɗaukewa da yamma.

"Darlene! Sauko ki ga abin tarihi!"

Ta sauko rabin matakala, kwanon dankalin biki a hannunta. Ta dubi bututun, ta dubi mijin.

"Yoyo yake yi."

"Matacce ne," in ji Rollie, yana ƙwanƙwasa shi da sifana. "Ba ya zuwa ko'ina. Mutanen da haka suke, su ja bututu su manta abin da ya sa suka ja. In yanke shi, in toshe bakin, minti ashirin na gama."

"Matacce ne yake zubar da ruwa?"

"Ragowa ce. Tsohon ruwa."

"Tsohon ruwa," Darlene ta maimaita a hankali, kamar mai ɗanɗana miya. "Bari in kira Yaya Vern."

Vern yayanta ne, ya yi shekara arba'in da ɗaya yana gyaran famfo. Rabonsa da Rollie da magana mai tsawo tun wata Kirsimeti shekara shida baya, lokacin da Rollie ya sa sabon masai da hannunsa, ya haɗa masa bututun ruwan zafi. Vern bai yi dariya ba, bai yi gyara ba. Ya fito daga bayi ne kawai, ya zauna a teburi gaban baƙi goma sha ɗaya, ya gode wa Rollie da siracen.

"Ƙafar Vern ba za ta taka matakalar nan ba," in ji Rollie.

"To, Injiniya, mu yi ta ta ƙare. In ka toshe shi da kanka, ɗakin naka ne, ba zan ƙara ɗaga zancen ba har in mutu. In kuwa ka buɗe bakinka ka nemi taimakon Vern, kekena ya sauko."

"Ki fara neman mai ɗauke miki shi daga teburi har abada."

"Ai ina da shi," ta ce, ta hau.

Rollie ya murɗa makullin ruwan gidan har ya ƙure. Ya hau kicin ya buɗe famfo, famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya nuna wa Darlene da tafin hannu, yadda mai sihiri ke nuna hular da babu komai a ciki, sannan ya koma ƙasa ya ɗauki zarto.

Akwai abu guda da bai duba ba, domin dubawa aikin masu shakka ne. Bututun dalmar ya rabu da babban bututu tun kafin a kai ga makullin. Wato ya kashe ruwan kicin, da na bayi, da na injin wanki, ya bar guda ɗaya tak da rai a duk gidan, shi ne kuma wanda ya ɗora wa zarto.

Dalma ba ta da taurin kai. Ja biyar ta rabu biyu.

Ruwan bai yi sallama ba. Ya same shi a tsakiyar fuska, ya cire masa tabarau, ya wuce ya daki kwalin talabijin. Rollie ya danna babban yatsa a bakin bututun, ruwan ya bi ta gefen yatsan ya shiga hannun rigarsa ya fito ta wuya.

"Me ke nan?" Darlene ta tambaya daga sama.

"Tsohon ruwan ne yake fita! Yanzu zai ƙare!"

"Da yawa suka bari, mutanen da."

Ya taɓa jin cewa tsofaffin masu gyara ba sa wahalar da kansu da dalma: a buge bakin da guduma ya lafe, a naɗe shi baya, shi ke nan. Ya jingina bututun da bango ya shiga bugu. Bakin ya lafe kuwa, sai dai ruwan da ke fita ta ƙofa ɗaya yanzu ya sami biyar, ya baje kamar wutsiyar ɗawisu, har da bakan gizo a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Bugu na goma ya sauka a kan yatsansa. Ya faɗi wata kalma da ba a faɗa ranar biki. Ya kama bututun da filaya ya lanƙwasa, dalmar ta tsage daidai gwiwar lanƙwasar, ta buɗe sabon baki wanda ya fi na farko faɗi.

Ya sake yankewa, ya sake bugu, ya sake lanƙwasawa. Bututun da ya fara da tsawon kamu uku ya koma kamu ɗaya, ya koma taƙi.

"Darlene! Miƙo mini burodi!"

"Yunwa kake ji?"

"Sirrin sana'a ne, ba za ki gane ba."

Sirrin na gaskiya ne. Masu gyara kan cusa ɗan ɓargon burodi a bututu ya tsare ɗigon ruwa kafin su gama liƙe haɗi. Ɗigo fa. Ba a taɓa jin wanda ya tare ruwan gari guda da burodi ba, amma ba a taɓa tambayar Rollie ba. Darlene ta jefo masa leda guda daga cikin wanda aka saya don biki. Ya dunƙula yanka uku ya cusa, ya bi da na huɗu. Bututun ya yi shiru na ɗan lokacin da mutum zai gyara tsayuwa, sannan ya tofo dunƙulen ya manne a silin. Ya gwada sau huɗu. Burodin da bai manne a sama ba ya bi ruwa zuwa magudanar da ke tsakiyar ɗakin, ya haɗu da garin katako, suka yi abin da ya kasa yi wa bututun: suka toshe ta tsaf.

Ruwa ya kai idon sawu. Darlene ta sauko mataki uku, ta miƙa hannu ta kashe wutar gidan gaba ɗaya, ta ajiye masa tocila, ta koma.

A cikin duhun nan basira ta zo masa. Ya yanke sandar tsintsiya, ya feƙe bakinta da wuƙa, ya saita ta a bakin bututun, ya buga da guduma har sau bakwai. Ruwa ya tsaya cak. Babu ko ɗigo.

Rollie ya miƙe a hankali. Ya nemo tabarau a cikin ruwa ya maƙala.

"Darlene! Zo ki yi bankwana da ɗakinki!"

Tana sa ƙafa a mataki na biyu sandar ta tashi. Ta wuce kunnensa da wata ƙara kamar ta ƙudan zuma, ta fasa gilashin 'yar tagar da ke daidai da ƙasar waje, ta fice.

"Na yi," in ji Darlene. "Ya amsa?"

Ba a jima ba haske ya ragu a tagar. Wata fuska ta leƙo ta inda gilashin ya fashe, fuskar Mama Odessa Whitlow, maƙwabciyarsu ta gefen hagu. Shekarunta saba'in da tara, ta yi talatin tana shugabar masu dafa abinci a makarantar firamare, kuma har yau duk magidancin da ke layin in ta kira cikakken sunansa sai ya duba ko hannunsa a wanke yake. Tana riƙe da guntun sandar.

"Roland," ta kira Rollie da cikakken sunansa. "Wannan naka ne? A tukunyar furena na tsince shi."

"Ina kwana, Mama Odessa. Ɗan gyara nake yi."

"Ina da masara sittin da zan dafa wa mutane kafin sha biyu, da ganye kwando biyu ban wanke ba. Ruwana ya ɗauke."

"Ai dole," in ji Rollie, yana ƙoƙarin tare bututun da bayansa. "Yau kowa ya buɗe tiyo. Ƙarfin ruwa raguwa yake yi. Lissafi ne."

Ta dubi ruwan da ke tsiri ta bayan kafaɗarsa.

"Na ga naka bai ji labarin lissafin ba. Wannan da ka yanke, ina ya nufa?"

"Bango."

"Bayan bangon wa ke zaune?"

Rollie ya waiga ya dubi bangon. Ruwa ya ci gaba da zuba.

"Wa da ƙane ne suka gina gidajen nan biyu," in ji ta. "Marowata ne, Allah ya ji ƙansu. Suka ja bututu ɗaya daga titi, ya shiga naka, ya ratsa ya zo nawa. Duk wanda ya yi shekara goma a layin nan ya sani."

"Amma matacce ne, Mama."

"Shekara hamsin da ɗaya nake shan shayi da gawar. Fito ka rufe shi daga titi, kafin in sauko."

Kowane gida yana da makulli na biyu, can ƙasa a bakin titi, a cikin wani siririn rami mai murfin ƙarfe, sai da dogon mabuɗi ake kaiwa gare shi. Abin mamaki Rollie yana da mabuɗin. Ya saye shi a gwanjon kayan wani mamaci shekarun baya, ba don ya san aikinsa ba, sai don ya yi kyau a jikin bangon gareji. Ya saɓo shi a kafaɗa ya fito.

Biki ya riga ya kankama. An tare bakin layi da motoci biyu, an jera tebura a tsakiyar kwalta, hayaƙin gasasshen nama ya cika ko'ina. A gaban gidan Hector Baeza, maƙwabcin dama kuma shugaban shirya bikin, yara na ta tsalle a cikin feshin tiyo. Shi Hector yana riƙe da makirufo yana sanar da wanda ya bar motarsa a inda bai kamata ba. A kan 'yar ciyawar da ke tsakanin titi da gidan Rollie kuwa, Vern ne zaune a kujerar naɗewa, da hular rana, da faranti a cinya. Darlene kan gayyace shi bikin duk shekara.

Cikin wannan taro Rollie ya bayyana, jiƙe sharkaf, da ɓarɓashin burodi a gashi, da ƙarfe mai tsawon mutum a kafaɗa.

"Jama'a," in ji Hector ta lasifika, "ban san mun shirya wasan kamun kifi ba."

"Sannu, suruki," in ji Vern. "Wanka aka yi?"

"Zafi ne," in ji Rollie, bai dube shi ba.

Ya bi bakin titi kansa a sunkuye har ya ga wani murfi a kan iyakarsa da gidan Hector. Ya ɓalle shi, ya zura mabuɗin, ya lalubo, ya murɗa. Abin ya juya lafiya lau. Rollie ya ɗago ya dubi jama'a da fuskar wanda ba ya son a yi ta yabonsa.

Feshin tiyon yaran ya sunkuya, ya yi ɗigo uku, ya mutu. Yara goma sha biyu suka tsaya tsamo-tsamo, suka juyo gaba ɗaya. Daga cikin gidan Hector wata murya ta ƙwalla ihu daga bayi, tana tambayar wane ne.

"Matata ce," in ji Hector, har yanzu ta lasifika. "Da sabulu a kanta, in na fahimci ihun daidai. Mun gode, Injiniya. Gida biyu ke nan. Wa ke so a yi masa na gaba?"

Darlene ta leƙo daga ƙofa. "Matakin farko ya nutse."

"Ana kan aiki!"

Ya ɗauko shebur. Tunda na Hector yana nan, in ji shi da ƙarfi don masu son ƙaruwa, nasa zai kasance taku shida zuwa hagu, haka doka ta tsara. Ya auna taku shida ya haƙa. Ya sami saiwar bishiya. Ya ce an canza dokar daga baya, ya auna taku huɗu ya haƙa. Ya sami ƙashin da wani kare ya ɓoye. Mutane suka fara juyo da kujerunsu. Masu gashin nama suka matso da murhu don kada su rasa komai. Wata mata ta ce ta ga ana neman irin wannan da sandar bishiya mai baki biyu, wani ya ce a bar shi, a haka zai kai ga man fetur.

"Rami na biyar," in ji Hector. "Masu yara a riƙe su."

"Mataki na biyu," in ji Darlene. "Kujerarka ta juya ta kalli bango. Kwalin talabijin ya zauna."

"A kan me?"

"A kan kansa."

Rollie ya yi rami na shida, na bakwai. Ciyawar da yake yi wa aski duk Asabar, yake hana ɗan aiken wasiƙa takawa, ta koma kamar gonar dankali bayan girbi. Vern ya gama naman farantinsa, ya aika a ƙaro masa, ya ɗage ƙafa ɗaya don ƙasar shebur ta wuce.

"Roland," Darlene ta ce, wannan karon ba wasa a muryarta. "Saura yatsa uku ya kai injin ɗumama gida."

Wannan kowa ya gane. Surutu ya ragu. Babu wanda ya taɓa shan sanyin Janairu a garin nan da zai yi dariyar injin ɗumama gida.

Mama Odessa ta ratso taron da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin rami na bakwai.

"Roland Stempek. Ga mutum nan zaune, Allah ya ba shi sani, kai ya ba ka shebur. Buɗe baki."

"Mama, saura kaɗan. Na gano tsarin."

"Buɗe baki, na ce."

Rollie ya dubi ƙofar gidansa. Darlene na tsaye, hannu a harɗe. Ya dubi tagar ɗakin ƙasa, inda ake jiyo ruwa na zuba cikin ruwa. Ya jingina shebur, ya matsa kusa da kujerar Vern, ya yi magana da takalmansa.

"Ko za ka ɗan duba."

"Dubawa?" in ji Vern. "Ai tun ɗazu nake dubawa. Ban taɓa jin daɗin bikin nan kamar bana ba."

Rollie ya faɗi wani abu ƙasa-ƙasa.

Vern ya kai hannu kunne. "Ka san kunnen nan nawa, suruki. Shekara arba'in cikin ƙarar bututu. Hector, ɗan taimaka masa."

Hector, wanda bai taɓa ƙin taimakon maƙwabci ba, ya kawo makirufo ya riƙe daidai bakin Rollie.

"Vern," in ji lasifika huɗu, daga wannan bakin layi zuwa wancan, "ka taimake ni."

Aka tafa. Wani ya buga murfin tukunya.

Vern ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ya miƙa wa Mama Odessa farantin ta riƙe masa. Ya tashi, ya ɗaga kujerarsa, ya matsar da ita taku ɗaya gefe. Ya kankare ciyawar wurin da bakin takalmi. Murfin ƙarfe ya bayyana, ɗan ƙarami, mai tsatsa, daidai inda kujerar take tun safe.

Ya karɓi mabuɗin daga hannun Rollie, ya zura, ya ba shi kwatan juyi. Ƙarar da ke fitowa daga tagar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa, ta ɗauke.

"Tun yaushe ka san yana nan?" in ji Rollie.

"Ni na sa murfin, shekarar da kuka tare. Da Darlene ta ce mini kana ƙasa da zarto, sai na ce bari in zauna a kai, kada wani wanda bai iya ba ya taɓa." Ya mayar masa da mabuɗin. "Litinin zan zo in ja wa Mama sabon bututu, a fitar da dalmar nan gaba ɗaya. Kafin nan gidajenku biyu babu ruwa. Je ka buɗe wa Hector nasa, hagu ake murɗawa. Hagu shi ne wannan hannun."

Ya koma kujerarsa ya karɓi farantinsa.

Mama Odessa ta aika aka ɗauko bokiti biyu daga barandarta, ta rataya wa Rollie ɗaya a kowane hannu.

"In ka buɗe, daga famfon Hector za ka ɗebo mini. Masara sittin, ganye kwando biyu. Kada ka zubar a hanya, ka riga ka zubar da na yau."

Ya kama hanya, mabuɗi a hammata, bokitai na kaɗawa, jama'a na buɗa masa. Ya yi taku goma Darlene ta karɓi makirufo daga hannun Hector.

"Mai gida," in ji lasifika huɗu, "in ka gama da Mama, ka fito da kujerar nan taka. Ta tare inda keken ɗinki zai zauna."